Takalmin Auta

A gidan Malam ba a tuƙi da takalmi. Shi ya kafa dokar, tun kafin ya buɗe makarantarsa ta koyon tuƙi mai motoci biyu da ofis ɗaya kamar akurki. Cewa yake mai takalmi zato kawai yake yi, ƙafa tsirara ce ke jin abin da birki da kuloci ke faɗa. Duk ɗalibin da ya zo, ko da babban ma'aikaci ne mai tumbi, sai ya tuɓe ya tura takalmansa ƙarƙashin kujera kafin a miƙa masa makulli. 'Ya'yansa biyu kuwa da dokar suka tashi. Yaya, wanda yanzu shi ke ɗaukar rabin ɗaliban, da Auta, wadda bana ta samu lasisinta, ko gyara wa mota tsayuwa za su yi a ƙofar gida sai sun tuɓe. Mama ta yi faɗa har bakinta ya gaji.

"Wata rana za ku taka ƙusa, in ga wanda zai zo mini da kuka."

"Mama, a cikin motar wa ya shuka ƙusa?" in ji Auta, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba.

Ranar da abin ya faru, Mama tana ajinta na ƙananan yara, a durƙushe tana ɗaure wa wata igiyar takalmi, waya ta shigo. Malam ne. Bai yi sallama ba, ya ce ta zo asibiti, Auta ce. Har yau ba ta san wa ta bar wa ajin ba.

A barandar ɗakin gaggawa ta same su. Malam a tsaye, hannuwa a baya. Yaya a kan benci, riga duk jini, ƙafafunsa tsirara, yana kallon ƙasa. Malam ne ya yi bayani, a nutse, kamar yadda yake yi wa ɗalibi. Yaran sun fita gwada motar da aka gyara, a dogon titin bayan masana'antu inda ba mutane. Auta ce ke tuƙi. Wani dattijo mai keke ya shigo mata, ta rikice, ta buge shi, motar ta kife. Yaya ne ya jawo ta waje.

"Dattijon fa?"

Malam ya girgiza kai.

Likita ya fito, wani siriri mai jan ido saboda rashin barci. Ya ce buguwar ta taɓa kai, ƙugu ma ya karye, za su yi iya ƙoƙarinsu. Sannan ya ce a yi ta addu'a, ya faɗe ta da irin muryar da ko yaro ya san ma'anarta. Ba a bar Mama ta shiga ba. Da ta rasa wanda za ta taɓa, sai ta durƙusa gaban ɗanta ta ɗaga ƙafarsa. Tafin duk ɓarɓashin gilashi ne. Ta taɓa jin an ce hatsari yana cire wa mutum takalmi ya yi jifa da shi, sai tausayinsa ya kama ta. Ta zare allura daga gefen ɗankwalinta tana ciro gilashin ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana kuka ba sauti. Ta ce masa ya yi shiru, ai ya yi ƙoƙari, shi ya ceci ƙanwarsa. Da ta gama ta fita bakin ƙofar asibiti ta sayo masa shuɗin silifas.

Daga nan rayuwarta ta koma wani ɗaki mai sanyi a hawa na sama, inda mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma sai ya wanke hannu ya sa wata koriyar riga. Auta tana kwance, an aske rabin kanta, roba a hanci, roba a baki, na'ura tana ƙirga mata numfashi. Yarinyar da ba ta iya yin shiru ko a cikin barci, ga ta nan ko yatsa ba ta motsawa. Mama ta koyi abubuwan da ba ta taɓa son sani ba. Ta san ƙarar da ke nufin ƙarin ruwa ya ƙare, da wadda ke sa nas tahowa da gudu. Ta san nas mai sauƙin kai da wadda in ka yi mata tambaya kamar ka ci mata bashi. Tana shafa wa leɓen Auta jiƙaƙƙiyar auduga, tana yanke mata farce, tana ba ta labarin yaran ajinta ko da ba amsa.

Tsoronta biyu ne. Na farko kada Auta ta tafi. Na biyu kuwa yana zaune a kan benci a waje kusan kowace safiya. Sajan ne na 'yan sandan hanya, wani mai ƙiba mai ladabi, hularsa a kan gwiwa. Ba ya takura kowa. Gaisuwa yake yi, ya tambayi jiki, ya ce aikinsa ne, rai ya salwanta, dole in direba ta farka ya ji daga bakinta. Mama takan kalle shi ta ji kamar ta roƙi Allah ya bar yarinyar ta ƙara barci. Auta, wadda in ta ga kaza a titi sai ta tsaya ta jira ta, ita ce za ta buɗe ido a ce mata ta kashe mutum.

'Yan dubiya kuwa, Allah ya saka musu, amma bakinsu bai saka wa kowa ba. Su zo da filas da lemo, su zauna a baranda, su yi addu'a, sannan su sauke murya. Yaran yanzu da rawar kai. Ai dama mace da sitiyari sai a hankali. Wata 'yar uwar Malam har cewa ta yi ita tun tuni ta ga idon yarinyar ya buɗe da yawa. Mama tana ji tana haɗiyewa. Abin da ya fi mata ciwo, ita kanta akwai ranar da ta sunkuya kan fuskar Auta tana goge mata goshi, ta ce a hankali, "Ke kuwa me ya kai ki? Ban ce ki rage gudu ba?"

Ita ta matsa a je gidan mamacin. Malam ya yi ta ja da baya, yau gobe, har ta ce in ba zai kai ta ba za ta nemi hanya. Ya kai ta. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon gyaran agogo, keken da ya lanƙwashe yana jingine a bango. Matar dattijon tsohuwa ce ƙarama, idanunta sun bushe. Mama ta durƙusa har ƙasa ta riƙe ƙafarta.

"Iya, 'yata ce. Yarinya ce, ba da gangan ta yi ba. Ga ta can ita ma ba ta san inda take ba. Ki yafe mata."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta kafin ta ce Allah ya tashi kafaɗar yarinyar. Malam yana tsaye a bakin ƙofa duk tsawon lokacin, bai ce uffan ba. Mama ta ɗauka nauyin abin ne ya hana shi magana.

Yaya kuwa ya daina shiga ɗakin. Yakan zo, ya kawo abin da aka aike shi, ya tsaya a jikin gilashin ƙofa ya leƙa, ya koma. Mama ta ce wa kowa a ƙyale shi, shi ya ga abin da idonsa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Har abinci take ajiye masa daga nata.

Sai ga shi Allah ya yi ikonsa. Wata safiya Auta ta matse yatsan Mama. Bayan kwanaki ta buɗe ido, aka cire robar baki, ta nemi ruwa da wata murya kamar ta tsohuwa. Likitan nan siriri har murmushi ya yi, ashe yana da haƙora. Ta gane uwarta, ta gane ubanta, ta san sunan unguwarsu. Ranar hatsarin ce kawai babu ita. Likita ya ce haka yake faruwa, wataƙila ta dawo, wataƙila har abada. Ya ce wa Sajan ya ƙara haƙuri kaɗan. Da Mama ta kira Malam ta ba shi albishir, ya yi hamdala, amma sai da ya ɗan yi jim kafin ya yi ta.

Ranar da aka sauko da Auta ɗakin marasa lafiya na ƙasa, wata nas daga ɗakin gaggawa ta biyo su da baƙar leda. Wata doguwa ce mai yawan raha.

"Mama, ga kayan 'yarki, tun ranar suna cikin kabad ɗinmu. Rigar kam sai haƙuri, yanka ta muka yi." Ta yi dariya. "Amma don Allah wa ya koya mata ɗaurin takalmi? Mu biyu muka yi ta fama da ƙullin nan, ƙarshe sai almakashi muka sa muka fitar da ƙafar."

"Ni ce," in ji Mama. "Ƙulli biyu. Duk yaron da ya bi ta hannuna haka yake ɗaurawa."

Ta yi dariya ita ma, karo na farko tun da aka kwanta. Ta buɗe ledar. Ga rigar, ga ɗan kunne ɗaya, ga farin kambas ɗin da Auta ke ji da shi, an tsaga kowanne ta gefe, igiyoyin suna nan a ɗaure tam, jini ya bushe a kansu ya koma baƙi. Tana riƙe da su, dariyar ta ƙare a bakinta. Nas ta ci gaba da magana, Mama ba ta ƙara jin komai ba.

Auta da takalmi a ƙafa. Auta, wadda ko safa ba ta yarda ta taka totur da ita. Sai ga bencin nan ya dawo mata, da tafin ƙafar da ta ɗora a cinyarta tana cire masa gilashi da allura.

Ba ta yi ihu ba. Ta ƙulle ledar, ta gyara wa Auta filo, ta jira. Da rana ta take Malam ya zo ɗaukarta ta je gida ta yi wanka, kamar yadda ya saba. Ta bi shi har inda ya ajiye ɗaya motar makarantar, mai jan tambarin ɗan koyo a gaba da baya. Ya shiga, ya sunkuya, ya tuɓe takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera. Ta tsaya tana kallon hannunsa yana yin abin da ya yi shekara da shekaru. Sannan ta shiga ta ajiye masa ledar a cinya.

"Mene ne wannan?"

"Buɗe."

Ya buɗe. Ta ga ya gane tun kafin ya gama zaro na farko. Ya yi sauri ya maida shi cikin ledar.

"Malam, ina takalman Yaya?"

Ya ci gaba da kallon ledar.

"Tambayarka nake. Ranar na ɗauka hatsari ne ya yi jifa da su. Ina suke?"

"Suna but ɗin motar nan," ya ce da ƙyar. "Ni na riga kowa isa wurin. Na ɗauke su daga ƙarƙashin kujerar."

"Kujerar direba."

Bai musa ba. Ya kama sitiyari da hannu biyu duk da motar a kashe take, ya fara magana yana kallon gaba. Yaron ya yi gudu, waya ce ta ɗauke masa hankali, ƙiftawar ido ce. In aka ce malamin makaranta ne da kansa ya kashe mutum, an rufe makarantar ke nan, an karɓe lasisinsa, wataƙila a ɗaure shi, ga matar Yaya da tsohon ciki. Auta kuwa sabuwar direba ce, yarinya, kowa zai ce ƙaddara. Wa zai ja wadda ke kwance zuwa kotu? Ya ce lissafi ya yi irin na uba, ya ga gara a rasa abu ɗaya da a rasa biyu.

"A rasa ɗaya," ta maimaita. "Wato kun riga kun binne ta."

"Ban ce haka ba."

"Ka gan ta a bakin titi ka yanke cewa ba za ta tashi ba. Ka ce tunda tafiya za ta yi, bari ta tafi da kayan yayanta. Takalmin ɗanka ka tuna, har ka rarrafa cikin mota ka ɗauko. Ƙafar 'yarka kuwa ko kallonta ba ka yi ba, da ka ga abin da ke jikinta."

"Ki rage murya."

"Muryata a ƙasa take. Ka kai ni gidan matar nan, ka tsaya kana kallo na durƙusa ina neman wa Auta gafarar abin da ba ta yi ba. 'Yar uwarka ta zage ta a gabanka kana shan lemo. Ni ma da bakina na yi mata faɗa tana kwance ba ta iya ramawa. Kai ka sa ni, Malam. Shekarun nan duka ina cewa ko duniya za ta yi mini ƙarya ban da kai."

Ya juyo a karo na farko. Idonsa ya kawo ruwa, kuma hakan bai rage mata komai ba.

"Shi ma ɗanki ne," ya ce. "Ita ba ta tuna komai. Likita ya ce wataƙila har abada. In kika yi shiru, shi ke nan, a hankali abin zai wuce mata, a yi sulhu da mutanen, kowa ya zauna lafiya. In kika yi magana, ke kika kai ɗanki da hannunki."

Wannan ce ta shige ta, don gaskiya ce. Yaya ne ɗan da ta fara riƙewa, wanda ya yi ta ciwo yana ƙarami har ta ɗauka ba zai rayu ba. Ta san tsoro ne ya kama shi, ta san shi da tsoro tun yana ɓuya bayan zanenta. Ta karɓe ledarta ta fita daga motar. Ta ce ta fasa wankan.

Da yamma lokacin dubiya ya yi. Sajan ya dawo, don an ce masa yau zai iya gwada yi wa Auta tambayoyi, yana kan benci a baranda da hularsa a gwiwa. Malam ya shigo da Yaya, da alama ya yi masa magana, don yaron ya kasa haɗa ido da uwarsa. Ya tsaya a ƙarshen gado, shuɗin silifas ɗin nan a ƙafarsa. Auta tana jingine da filo, fuskarta ta rame, gashi ya fara tsirowa a gefen ɗinkin. Tun rana ta yi shiru, irin shirun da ba nata ba.

"Mama," ta ce. "Ɗazu na ji matar gadon can tana faɗa wa 'yar uwarta. Wai ni ce wadda ta kaɗe tsoho. Da gaske ya mutu?"

"Ya rasu," in ji Mama.

"Ni ce?"

Mama ta kalli ɗanta. Ta ba shi lokaci, ta ba shi fiye da yadda ya kamata, tana roƙo a ranta ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ce, ta samu abin da za ta riƙe ta ce ɗan nan nata ne. Leɓensa ya motsa. Sai Malam ya ɗora masa hannu a kafaɗa.

"Ki kwantar da hankalinki, Auta," in ji Malam. "Ƙaddara ce. Ba wanda ya ga laifinki."

Yaya ya rufe bakinsa ya maida ido ƙasa.

Auta ta fara kuka, wani kuka a hankali don ƙugun ba ya barinta ta yi mai ƙarfi. "Yaya, ka yafe mini," ta ce. "Saura kaɗan kai ma in kashe ka."

Har a nan bai ce komai ba.

Mama ta sunkuya ta jawo ledar daga ƙarƙashin gado. Ta zaro takalman ta ajiye su a kan bargo, daidai inda hannun Auta zai kai.

"Daga ƙafarki aka yanko su ranar," ta ce. "A ɗaure."

Auta ta taɓa ƙullin da yatsa. Buguwar kai ba ta taɓa mata wayo ba. Ta kalli takalman, ta kalli ubanta, sannan idonta ya sauka a hankali har kan shuɗin silifas. Kukan ya tsaya. Abin da ya maye gurbinsa a fuskarta, Mama ta so a ce ba ta gani ba.

"Baba?" in ji Auta.

Malam ya kalli taga.

"Sajan yana waje," Mama ta ce wa ɗanta. "Ka je da kanka. Ya fi maka."

Bai motsa ba, hannun ubansa ma bai bar kafaɗarsa ba. Ta ƙara jira kaɗan, don uwa ce. Sannan ta gyara mayafinta ta ratsa ta gefensu. Wucewar da za ta yi ta ga diddigensa, inda ta ciro gilashi mafi girma, ya warke sarai.

Sajan ya miƙe da ya gan ta.

"Mama, ya jikin nata? Direbar za ta iya magana?"

"Ta samu sauƙi," ta ce. "Amma ba ita ce direba ba."

Ya tsaya da hular a hannu yana kallonta.

"Ɗana ne," in ji Mama. "Yana ciki."